Rariyar Shamuwa

Shamuwa ta daina zuwa unguwarmu, kuma babu wanda ya yi cigiyarta. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Da akuya ce ta ɓata, da an bi gida-gida ana tambaya, da an sa ladan ya yi sanarwa bayan sallar Magariba. Amma tsuntsuwar da ta yi shekara da shekaru tana kawo wa mutanen birni labarin damina ta ɗauke ƙafa, kowa ya ci gaba da harkarsa kamar ba a taɓa yin ta ba. Yanzu ruwa sauka kawai yake yi, a ji shi a kan kwano, mata su fita da gudu kwashe shanya. In na yi magana a ce ai an faɗa a rediyo. Ni kuwa ba a bakin rediyo na saba jin zuwan damina ba.

Gidanmu yana cikin lungu, ba nisa da gindin Goron Dutse, a bayansa kuma akwai wani kududdufi da wata tsohuwar tsamiya a bakinsa. Da kunne muke sanin gari ya waye. Bayan ladan sai tattabarun maƙwabcinmu, sai jakunan masu ɗiban ƙasa su wuce suna jan ƙafa, mai su yana yi musu magana kamar ƙannensa, sai mata su ɗauki lugude, turmin wannan gida yana amsa wa na wancan. In damina ce, kwaɗi ba sa barin kowa ya ji maganar wani. Akwai wani kada a kududdufin da yakan fito ya baje a rana, mata suna wanki nesa kaɗan da shi, ba ya kula su, ba sa kula shi. Tsofaffi suna cewa tun zamanin iyayensu yake nan, ni dai ban taɓa jin ya taɓa kowa ba. Ungulu kuwa sun fi mahauta sammako. Ba ina cewa aljanna muka zauna ba. Sauro ya ci mu son ransa, zazzaɓi ya ɗauke mini ƙanne, ruwan kududdufin nan in rani ya tsananta ba ya kusantuwa don wari. Amma ba mu kaɗai ke zaune a birnin nan ba, kuma mun san da haka. Yau in na kasa kunne da safe, abin da nake ji shi ne adaidaita sahu, da masu walda, da injin da ke ruri dare da rana a gindin ƙarfen sabis ɗin waya, wanda aka kafa daidai inda tsamiyar take. Kududdufin an cike shi da shara an jera shaguna a kai. Kadan nan ban san ranar da ya tafi ba, ban kuma san inda kada yake zuwa in an kore shi ba.

A kan tsamiyar nan shamuwa ke sauka. Zafin bazara zai kai inda mutum ba ya iya kwana a ɗaki, sai wata rana da hantsi a ji yara sun ɓarke da ihu da waƙa, a ɗaga kai a gan su suna kewaya sama, baƙaƙe, ƙirjinsu fari fat. Daga ranar unguwa ta tashi tsaye. Magina su fara kwaɓa ƙasa don yaɓen soraye, a share indararo, masu gonaki a cikin badala su kai fartanyoyinsu maƙera. Babanmu yakan fito ƙofar zaure ya sa hannu a goshi ya ce, "Baƙi sun iso, a gyara rufi." Babu wanda ya taɓa yi masa musu, don ba a daɗewa hadari yake haɗuwa.

Sana'ar gidanmu bugun zane ce da rariya. Baba ya yi leburanci a wata masaƙa yana saurayi, ya ga yadda suke fitar da ado a jikin yadi, ya dawo gida ya ce wannan ai tankaɗe ne, ba wani abu ba. Sai ya haɗa katako gida huɗu, ya ɗaura wani ƙyalle shara-shara a kai, ya ja shi tam kamar fatar ganga, ya sa masa suna rariya, sunan ya bi shi. Da gawayi ake zana abin da ake so a jikin ƙyallen, sa'an nan a tsoma gashin kaza a fentin mai a toshe duk inda ba a son komai ya wuce. In ta bushe, a shimfiɗa farin yadi a kan benci, a ɗora rariyar, a zuba ƙullun rogo a gefe guda, a ja shi da guntun robar taya da aka maƙale a katako. Ja ɗaya ake yi, ba a komawa. Ƙarar jan nan, shuuu, sai ɗaga rariyar, ɗaf, da ita na tashi a kunnena, har yau in ana sharar tsakar gida wani lokaci nakan juya. A shanya yadin ƙullun ya bushe ƙamas, a kai marina Ƙofar Mata. Duk inda ƙullu ya zauna shuni ba ya kama shi. In an wanke an kankare, sai ka ga farin ado ya fito a cikin shuɗi, daga nan mabuga su karɓa su yi ta dukansa har ya yi sheƙi. Aikina na yau da kullum shi ne tuƙa ƙullu a kan murhu, rigata ba ta rabuwa da warin hayaƙi, sai wankin rariya a bakin kududdufi da sauri, don in ƙullu ya bushe a jikinta an yi asararta.

Abin da Baba yake zanawa bai wuce abin da ke kewaye da mu ba: ganyen tsamiya, kifin kududdufi, jaki ɗauke da mangala, zabuwa da 'ya'yanta, balbela a bayan saniya. Yana da dokoki biyu, kuma ba a jayayya a kansu. Ta farko, ba a zana abin da ba a zauna da shi ba. Kafin ya yi rariyar jaki sai da ya yi ta bin masu ɗiban ƙasa zuwa bayan badala har suka zaci aiki yake nema. Yakan ce, "Ka gan shi yana ci, ka gan shi yana barci, ka gan shi ya tsorata. In ba ka ga waɗannan ba, ba ka san shi ba, kada ka ɗora shi a jikin mutane." In rariya ta tsufa ta yage, ba ya yarda a duba tsohon zane a kwaikwaya. Ya ce hannu yakan yi ɗan kuskure kowane lokaci, in ana ta kwaikwayon kuskuren, wata rana za a wayi gari jakin ya koma kare. Sai dai a koma wurin jakin. Doka ta biyu, ba a yi wa mai rai ido. Ya taɓa zuwa wurin malamin unguwarmu a kan maganar zanen abu mai rai, suka daɗe a zaure, ban san duk abin da suka faɗa ba. Ya dai dawo ya ce daga yau a bar wurin ido babu komai, gani na Allah ne, shi ke bayarwa, shi ke karɓa. Don haka duk dabbobin gidanmu makafi ne. Masu saye sukan yi mana tsiya a kan haka, Baba ya ce wanda yake son mai ido ya je kara, kasuwar dabbobi, ya sayo.

Gemuna ya fara tsirowa, har an fara maganar aurena, amma Baba bai taɓa ba ni gawayi na zana rariyar kaina ba. Ina ja, ina wanki, ina kai kaya marina, shi ke nan. Abin yana damuna ƙwarai, don sa'o'ina duk sun zama masu kansu. To, a wata damina aka yi wata iska da yamma wadda ta kwashe wa mutane rufi. Da gari ya waye na je wankin rariya, na tarar sheƙar shamuwa ɗaya ta zubo daga kan tsamiya. 'Ya'yan sun mutu sai ɗaya, tana kwance cikin taɓo, gashinta bai gama fitowa ba, ƙafa ɗaya a karye. A lokacin babu yaron da zai ɗaga danƙo ya nufi shamuwa, ko ƙwanta ka taɓa sai ka sha duka a gida. Na naɗe ta a rigata na shigo da ita. Inna ta riƙe baki ta ce, "Kai kuma ina za ka kai mana baƙuwar Allah?" Baba ya duba ƙafar, ya tsaga kara, ya yi mata ɗori da zaren buhu, ya ce, "Kai ka ɗauko ta, kai za ka ciyar da ita. Kada na ji ka ce ka gaji."

Na gaji kuwa, sai dai ban faɗa ba. Cin shamuwa ba ya ƙarewa. Ina saurayi mai neman aure aka mai da ni mafaraucin fara da tsutsa a gonakin cikin badala, 'yan mata suna ganina da gwangwani suna ƙyalƙyala dariya, har da wadda aka ce ita za a ba ni, wadda ta yi ta goranta mini har muka tsufa. Amma a wannan daminar na san tsuntsu. Na san yadda take lanƙwasa wuya ta ajiye shi a ƙirji in za ta yi barci. Na san in ta tsorata ba gudu take yi ba, miƙewa take ta ƙara tsawo. Iyayenta sukan sauko kan katanga su dube ta, a nan na ga gwiwoyin babba ja ne, fuskarta kuma da ɗan shuɗi kamar ita ma ta leƙa marina. Na san ba su da wata murya, in sun ga juna sai su kaɗa baki, ƙaf-ƙaf-ƙaf, kamar ana buga 'yan sanduna. Ta saba da zaurenmu har ta fi kyanwa. In na ja roba shuuu, sai ta karkata kai ta dube ni da ido ɗaya.

Wata safiya, ƙafar ta warke amma ta ɗan karkace, mun shimfiɗa farin yadi a tsakar gida, na ajiye ƙwaryar ƙullu a ƙasa na shiga ɗauko rariya. Kafin na fito ta taka cikin ƙwaryar, ta bi ta kan yadin daga wannan bakin zuwa wancan, a hankali, kamar mai duba gonarsa. Yadin kuwa na wani Alhaji ne mai faɗan tsiya. Na ɗebo ruwa zan wanke, Baba ya riƙe hannuna. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon sawun, ɗaya a miƙe, ɗaya a karkace, sa'an nan ya ce, "Bar shi ya bushe. Ka kai marina haka." Da yadin ya dawo, mata har daga maƙwabta suka shigo kallo. Farin sawu a cikin shuɗi, ka ce yanzun nan ta wuce. A ranar Baba ya miƙo mini gawayi ya ce, "Ta fara maka aikin, sai ka ƙarasa. Kai ka ciyar da ita, ka fi ni saninta." Na zana ta a tsaye, wuya a lanƙwashe, sawun yana bin bakin zanen. Shamuwa kamar don aikinmu aka halicce ta, baƙin jikinta marina ke bayarwa, farin ƙirjinta mu ne. Na bar wurin ido babu komai. Ban taɓa jin daɗi a duniya irin na ranar da na ɗaga rariyar nan karon farko ba, har da ranar aurena, kuma uwargida, Allah ya jiƙanta, ta san da haka.

Da kaka ta yi, 'yan'uwanta suka fara taruwa a sama, ita ma ta hau katanga, daga katanga ta hau tsamiya, wata safiya na fito babu ita. Na je bakin kududdufi na yi kukana inda ba mai ganina. Da bazara ta zagayo suka dawo, a cikinsu akwai wata mai ɗan ɗingishi da takan sauko kan katangarmu ta tsaya. Abokaina suka ce ai duk shamuwa ɗaya ce. Ni dai na san abin da na sani. A shekarar matata, wadda aka ɗaura mana aure bayan kaka, ta haifi ɗanmu na fari, na buga mata zanen goyo da wannan rariya, daga nan ya zama al'adar gidanmu: duk 'yar gidan nan da ta haihu, ko matar ɗan gidan, da zanen shamuwa take goyo. Mace ta fita unguwa, tun daga nesa a hango tsuntsuwar a bayanta a ce ga jinin gidan masu rariya. Rariyar ta mutu a hannuna ba sau ɗaya ba, kowane lokaci kuma sai na jira damina, na ɗauki tabarma na zauna a gindin tsamiya har na sake ta.

Ba zan iya cewa ga ranar da abin ya lalace ba. Atamfa mai arha ta cika kasuwa, kala-kala, wadda ba ta jiran rana ta busar da ƙullu. Ramukan marina suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yana suka yi boko, ban hana su ba, ni ma da na ga hanya da na bi. Ungulu suka ɓace, kowa da abin da yake faɗa a kan dalili. Jaki ya zama abin da ake nuna wa yara in an gan shi. Shamuwa suka ragu daga garke zuwa 'yan ƙalilan, daga nan aka sare tsamiyar, ranar ina kwance ba lafiya, ina jin ƙarar injin yankan daga ɗaki. Na tattara rariyoyin na jingine a wani ɗaki da ba a kwana a ciki, na ja ƙofa. Idona kuma ya fara rufewa daga gefe-gefe. Likita ya ce irin wannan ba a kankare shi, sai dai a riƙa ɗiga magani a rage masa gudu. Duniya ta koma mini kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, kafar kuwa kullum ƙara tsukewa take yi.

Ana haka, da bazarar bana, jikata, 'yar babban ɗana, ta dawo gida goyon ciki kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Abokiyar wasana ce tun tana rarrafe, amarya nake ce mata, ita kuma ba ta da sunan da take kirana sai Tsoho. Wata rana ta kawo mini kunu zaure, ta zauna, ta ƙi tashi.

"Tsoho, wai ina zanen nan?"

"Wane zane kuma, amarya? Kin gudu kin auri yaro kin bar ni, yanzu kin dawo neman zane?"

"Ai kai ka ƙi barin goro, shi ya sa." Ta yi dariya, sai kuma muryarta ta yi ƙasa. "Zanen gidanmu nake nufi, mai tsuntsuwa. Umma ta ce da shi aka goye ni, da irinsa aka goyi Abba. Nata ya mutu tuntuni, har an yi tsumma da shi."

Ba ta ce don me take so ba, kunya ba za ta bar ta ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce mata, "In Allah ya yarda, kafin a sauka lafiya yana hannunki." Na faɗa da ƙarfin gwiwa, kamar mai magana a wancan zamanin.

Washegari na sa aka buɗe ɗakin. Ashe rufin ya daɗe yana yoyo, gara kuma ta yi abin da ta saba. Na laluba na gane rariyar shamuwa da wani tsagi da na yi mata a katako, ina ɗaga ta ƙyallen ya zube a hannuna kamar tokar takarda. Mijin yarinyar, yaro mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kansa, ya zo gaishe ni ya ji labari. Ya ce, "Baba, ai wannan ya zo da sauƙi." Ya danna wayarsa ya kawo ta dab da fuskata, ga shamuwa nan birjik, wata a tsaye, wata a sama. Ya ce akwai masu buga riguna da na'ura, kafin la'asar an fitar da ita da launinta, har da ido. Na gode masa, na ce ya bari tukuna. Wannan shamuwar wani ce, wani ne ya zauna da ita a wata ƙasa, ko ma bai zauna ba, wucewa ya zo yi ya ɗauka. Na san ya fita yana cewa a ransa rigimar tsufa ce. Wataƙila ita ce.

Na sa kafinta ya haɗa mini sabon katako, na ɗaura ƙyalle da hannuna, wannan ko a cikin barci zan iya. Na ce a raina, wanda ya ciyar da ita damina guda ai ya zauna da ita, Baba ba zai yi fushi ba in na zana da ka. Na fito tsakar gida inda haske yake, na kai fuskata kusa, na ɗora gawayi. A nan abin da ban taɓa zato ba ya same ni. Ina neman tsuntsuwar a kaina, sai zanen ke zuwa, farin layi a cikin shuɗi, mara ido, mara motsi. Na buga ta sau ba adadi har bugun ya danne mai ran. A ina wuyan yake haɗuwa da kafaɗa in ta juya? Farin nan a ƙirji yake tsayawa ko yana hawa sama? Ban sani ba. Abin da hannuna ya fitar na nuna wa amarya, ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce, "Tsoho, agwagwa ce ko?" Ba da mugunta ta faɗa ba. Na goge, raina a ɓace, don na gane abin da Baba yake gudu ne ya same ni. Ba abin da ya rage sai a koma wurin mai ita.

Ina da wani aboki, tsohon marini, wanda ya yi shekaru yana tsoma mini yadi, hannuwansa har yau ba su koma kalar mutane ba. Shi gwiwa ta ci shi, ni ido, in muka haɗu sai mu tashi mutum guda. Kullum da hantsi mu hau adaidaita mu fita ta Ƙofar Ruwa, mu je duk inda aka ce da sauran itatuwa ko ruwa. Shi ne mai ɗaga kai, ni ne mai tambaya.

"Malam, me ka gani can?"

"Leda ce, ta maƙale a waya."

"Wancan baƙin mai motsi fa?"

"Hankaka ne. Kai ma ai ka ji bakinsa, ko kunnen ma ya tafi?"

Har wani ƙauye ɗana ya kai mu a mota, inda aka ce suna sheƙa a kan wata kuka. Mai unguwar wurin ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya kai mu gindin kukar, ga tsofaffin sheƙu nan sun zama tarin kirare. Ya ce bara wasu 'yan kaɗan sun zo, bana shiru. Tun da aka fara feshi a gonaki fara ta ƙare, in sun zo me za su ci? Muka juyo gida. Ruwa ya sauka, ya zauna, cikin amarya ya tsufa, kafar da nake leƙen duniya ta cikinta ta koma kamar ta allura, da hayaƙi a ciki. Na daina fita. Abokina ya zo ya zauna kusa da ni ya ce, "Ka ba ni yadin na tsoma mata haka nan, kada ranar ta zo ba komai a hannu." Na ƙi, na sake ƙi, daga baya na ba shi.

Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, ina zaune a zaure, na ji amarya tana kira daga tsakar gida da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Tsoho! Tsoho, fito! Ga ta can!"

Ta zo ta kama hannuna, da nauyinta da komai, ta ja ni har tsakar gida, ta sa hannu ta ɗaga haɓata ta saita mini fuska. "Can saman ƙarfen sabis. Wallahi ita ce, irin ta zanen Umma. Baƙa ce, ƙirjinta fari. Ita kaɗai ce."

Na buɗe ido iyakar buɗewa. Fari nake gani, fari kawai, kamar yadin da ba a buga ba. Na matsa hagu, na matsa dama, ina neman kafar nan ta faɗa a kanta. Ko ƙarfen ban gani ba.

"Ƙafarta fa? Gwiwar ja ce?"

"Kamar ja ce. Ta juyo, Tsoho. Ta zanen ba ta kallon kowa, wannan kuwa gidanmu take kallo."

Na ce kowa ya yi shiru. Matan gida suka yi tsit, aka kashe rediyo. Na kasa kunne ko zan ji ƙaf-ƙaf ɗin nan, ko sau ɗaya, don na san in na ji shi sauran zai dawo mini. Injin gindin ƙarfen yana ta rurinsa. Sai daga baya na tuna, ko da an kashe shi ba abin da zan ji, shamuwa ba ta kaɗa baki sai ta ga 'yar'uwarta.

"A ɗauko mini gawayi da rariyar," in ji amarya. "Tsoho, ka faɗa mini inda zan duba, ni zan zana."

Murna ta kama ni. Ban taɓa kawo wannan a raina ba, ga shi gawayi zai koma hannun jinina. Na ce, "To, fara da wuya. Dubi yadda take ajiye shi a kan..."

"Ta tashi."

"Ina ta yi?"

"Ta yi sama, tana kewayawa. Ta bi ta bayan dutse. Ba na ganinta."

Ni damina guda na yi ina ciyar da ita kafin a ba ni gawayi. Jikata ko tsawon shan kofin kunu ba ta samu ba. Ta yi kwanaki tana fitowa da sassafe, ina jin takunta ya tsaya a tsakar gida, sa'an nan ta koma ɗaki. Tsuntsuwar ba ta dawo ba. Ina jin tsamiyar ta zo dubawa, ta tarar da ƙarfe.

An sauka lafiya, namiji, alhamdu lillahi. Abokina ya kawo zanen, ya sha shuni, ya sha bugu, ƙanshinsa kaɗai ya sa ni ƙwalla. Babu komai a jikinsa. Sabuwar rariyar tana nan rataye a zaure, ita ma babu komai a jikinta, in iska ta shigo ina jin katakon yana taɓa bango. Ranar da amarya ta yi arba'in za ta koma ɗakinta, ta tsaya ta juya mini baya don na yi wa yaron addu'a. Na ɗora hannu a kan goyon, na ji ɗuminsa, na ji numfashinsa ta cikin zanen. Na shafa daga wannan bakin zuwa wancan, ta inda sawun yakan bi.

"Tsoho, zanen ya yi kyau," ta ce. "Kowa ya yaba."

Na ce Allah ya raya, Allah ya yi masa albarka. Ta fita, ina bin takunta da kunne a cikin lungu. Ba ta yi nisa ba na ji wata tsohuwa daga ƙasan unguwa, irin waɗanda a da tun daga nesa suke gane goyon gidanmu, ta tsayar da ita.

"Sannu da goyo, 'yar nan. Wannan kuma ɗan wane gida ne?"